Jawabin Maraba Ga Jagoran Tawagar Maraɗi a Madadin 'Yan Kasuwar Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, jagoran tawagar Maraɗi, masu martaba iyayen ƙasa, malamanmu, shugabannin kasuwanni, iyaye mata da sauran jama'a, barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, a madadin 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi na garin Kaduna, ina yi maka lale marhabin da sannu da hanya. A zauren nan akwai waɗanda tushensu Tasawa ne, wasu Damagaram, wasu Ƙonni, don haka gida ka zo. Kaduna ba ta kan iyaka, jihohi bakwai ne ke maƙwabtaka da Nijar kuma babu mu a ciki. Amma duk ranar da aka datse iyakar Jibiya ko ta Illela, kafin mako ya zagayo kasuwanninmu na Bakin Dogo da Zangon Tudun Wada sun ji a jikinsu.

Dattawanmu ba su manta 1984 ba. A watan Afrilun shekarar gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, hatsin da Nijar ke saye daga nan ya yanke, har mutanen ƙasarku suka sa wa yunwar lokacin suna El-Buhari. A watan Agustan 2019 aka sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, sai Disambar 2020 aka buɗe. Gaskiya ɗaya ce, manoman shinkafarmu da masu injin casa sun amfana. Sai dai buhu ya yi tsada, kuma shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, ɓarauniyar hanya ta koma, a kan babura cikin dare.

Wanda ya fi yi mana ciwo shi ne na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe boda ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba ku. Direbobinmu sun kwana makonni a ƙarƙashin tireloli a bakin iyaka, albasa na ruɓewa a cikin buhu, ruwanta na ɗiga ƙasa, mai kaya na kallon jarinsa yana narkewa. Dillali da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha, ba wanda aka yi shawara da shi, amma su suka biya kuɗin rigimar. A ɓangarenku magani da abinci suka yi tsada, Yamai ta sha duhu. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris, amma zukata sun riga sun ɓaci, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso.

Abin da muke tsoro, ranka ya daɗe, shi ne fushin gwamnatoci ya daɗe har a saba da shi. Aljeriya da Maroko sun rufe iyakarsu ta ƙasa tun 1994, yaran da aka haifa a shekarar yau magidanta ne, ba su taɓa ganin ta a buɗe ba. Allah ya kiyashe mu da irin wannan.

Saboda haka muna da koke, kuma mun san kunnen da ya dace muke faɗa wa. Haramcin fitar da hatsi da Nijar ta sa a 2024, da na dabbobi gab da layyar 2025, sun taɓa kasuwanninmu ƙwarai. Mun fahimci kowace hukuma tana son talakanta ya ci da rahusa, mu ma an sha yin haka a nan. Muna roƙon ka isar mana cewa a riƙa zama da 'yan kasuwar ɓangarorin biyu kafin a yanke irin wannan hukunci, a kuma rage shingayen hanya da ke cinye riba. Tashar tsandauri ta Kaduna tana aiki tun 2018, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ana kan gina shi, muna so 'yan kasuwarku su zo mu tsara yadda za mu ci moriyarsu tare.

Bayan sallar azahar za mu zaga da kai Zango da Bakin Dogo, ka ji daga bakin masu kaya da kansu. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya. Ranka ya daɗe, bisimillah, jama'a na sauraronka.