Fili ya yi kore, me ya sa rafin ke zubar da jan ruwa?

Masu kallo, akwai hotuna iri biyu da ke yawan jawo gardama a WhatsApp da Facebook duk lokacin da aka ta da maganar kwal. Na farko yana nuna tsohon filin jibge kwal da aka share aka dasa wa itatuwa, na biyu kuma yana nuna rafin da ke gangaren irin wannan fili yana gudana da ruwa ja kamar tsatsa. Wasu sai su ce ɗaya daga cikin hotunan na bogi ne, alhali kuwa duka biyun suna iya zama gaskiya, a wuri ɗaya kuma a rana ɗaya.

Mu a Kaduna ba mu da mahaƙar kwal, amma ba baƙonmu ba ne. An gano shi a yankin Udi kusa da Enugu a 1909, aka fara haƙa a 1916, kuma shi jiragen ƙasa masu tururi suka riƙa ci lokacin da suke tsayawa a tashar Kaduna, kafin injinan dizal su karɓe aikin. A yau ana haƙarsa a Maiganga ta jihar Gombe da Okaba ta jihar Kogi, kamfanonin siminti kuwa suna cikin manyan masu amfani da shi.

Ga yadda aikin yau da kullum yake a wurin sarrafa kwal, ba za mu daɗe a kansa ba. Tifa ta juye, inji ya farfasa, a tankaɗe, a tara. Ana fesa ruwa domin ƙura ta kwanta, musamman da hunturu. Ana danne tarin da katafila, saboda irin kwal ɗin da muke da shi a Najeriya yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa idan iska tana ratsa shi. Ruwan da ya wanke filin kuma ana karkatar da shi zuwa tafki domin baƙin laka ya zauna a ƙasa kafin a sake shi.

To, ga inda ake yin kuskuren. A cikin kwal da duwatsun da ake warewa daga jikinsa akwai wani ma'adini mai ƙyalli da ake kira fairait, wanda ya ƙunshi ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne inda iska ba ta isa, ba ya cutar da kowa. Da zarar an tono shi an farfasa, iska da ruwa suka haɗu a kansa, sai ya fara haifar da asid irin wanda ke cikin ruwan batirin mota, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani kuma su ƙara hanzarta aikin. Wannan ruwa mai tsami yana narkar da ƙarfe da alminiyum daga duwatsun da ya ratsa, idan ya fito fili ya gauraya da ruwan rafi sai ƙarfen ya kwanta a kan duwatsu, shi ne jan da kuke gani. A ma'aunin pH, wanda ake auna tsamin ruwa da shi, ruwa mai tsabta yana kan 7, irin wannan kuwa yana iya sauka zuwa 3, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato tsaminsa ya ninka sau 10,000. Kifi ba ya rayuwa a ciki. Mutanen Enugu sun san wannan, domin kogin Ekulu ya daɗe yana karɓar ruwan da ke tsiyaya daga tsohuwar mahaƙar Onyeama.

Saboda haka, gyaran ƙasa na gaskiya yana gudana ne a inda kyamara ba ta gani. Sai an fara gwada tarkacen a ware wanda ke da fairait, a gauraya shi da garin dutsen da ake haɗa siminti da shi domin ya kashe tsamin, a binne shi can ƙasa, sannan a rufe da yumɓu a danne shi sosai har ruwa da iska su rasa hanyar shiga. A kan wannan ake shimfiɗa jar ƙasa, a gyara gangare yadda ruwan damina zai zarce maimakon ya kwanta, daga ƙarshe a mayar da ƙasar noman da aka kwashe aka ajiye gefe tun ranar da aka buɗe filin. Wanda bai ajiye ta tun farko ba, sai ya sayo ta da tifa daga gonar wani, ya gyara wuri ɗaya ya ɓata wani.

Dashen itace shi ne mataki mafi arha kuma mafi kyau a hoto, shi ya sa ake gayyatar manyan baƙi ranar da za a yi shi. Ban taɓa jin an yanka ƙyalle don an danne yumɓu ba. Itacen turare, irin wanda ya cika dajin Afaka, yana jure ƙasa mai tsami, don haka koren ganyensa ba shaida ba ne. A ganina ma ciyawa irin jema da gamba ta fi cancantar zuwa da farko, tun da saiwoyinta ke riƙe ƙasar kada ruwan sama ya zaizaye murfin.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gabatar da tsarin gyara ƙasa kuma ya zuba kuɗi a asusun da aka keɓe don haka. Idan al'umma za ta duba ko an cika alkawari, to ta je a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ta gangara inda ruwan filin ke fita, ta dubi launin duwatsun rafi, ta kuma nemi a nuna mata sakamakon gwajin ruwan na damina da na rani na shekaru da dama a jere.