Kwamfuta a kan bokitin fenti

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, mai lantarki ne a sama yake huda bango. In kuma kun ga ɗankwalina ya yi fari fat, ƙurar filasta ce, na gaji da kakkaɓewa.

Bari in juya kyamarar ku ga ofishina na wannan makon. Bokitin fenti biyu ne, aka ɗora musu tsohuwar ƙofar kicin, sai kwamfuta a kai. Ledar nan da ita nake lulluɓe ta in zan tashi. Mako na biyar ke nan muna fama, kicin babu, silin ɗin falo a buɗe, ni kuma aikin ofis bai san ana gyaran gida ba.

Ga sababbin zuwa, ina aiki ne a sashen bayanai na wata ƙaramar hukuma a nan Ingila. Akwai ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2015 wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi su riƙa bayyana duk kuɗin da suka kashe da ya haura fam 500, duk wata uku, kuma kada a wuce wata guda bayan ƙarewar zangon. Zango ya ƙare a ƙarshen Satumba, ke nan kafin Oktoba ta fita dole jadawalin ya hau intanet. Ba kwashewa kawai ake a watsa ba. Layi-layi nake bi, domin a cikin kamfanonin da aka biya akwai sunayen mutane, kamar masu riƙon yaran da hukuma ta ba su amana, kuma suna ɗaya ya kuɓuce ya fita, an taka dokar kare bayanan mutane. Jiya ina tsakiyar wannan tantancewar mai lantarki ya leƙo ta matakala ya ce in zo in ga wani abu.

Ku biyo ni, ku yi hankali da ƙusoshi. Kun ga ramin soket ɗin nan? Waya biyu ne, ja da baƙa. Ku dubi na kusa da shi: ruwan ƙasa da shuɗiya. A ƙasar nan an fara canza launin wayoyi a 2004, daga ƙarshen Maris 2006 kuma aka daina sa tsohon launin a sabon aiki. Ke nan wani ya taɓa ɗakin nan bayan wancan lokacin, ya gyara rabi ya bar rabi, kuma a cikin takardun da aka miƙa mana da muka sayi gidan babu ko layi ɗaya da ya ambaci haka. Mutumin ya ce kafin ya ja sabuwar waya sai ya bi kowacce ya gano inda ta nufa. Kwana biyu cur ya tafi a neman abin da wani ya sani sarai amma bai rubuta ba. Abban yara ya tsaya yana ta lissafi a ransa, ni kuwa dariya ce ta kama ni, don abin da nake yi a ofis ke nan kullum.

Ga kuma wannan, shi ya fi burge ni. Da muka ɓare takardar bango, har hawa uku, sai ga rubutu da fensir a jikin filasta. Wanda ya manna ta farko ya sa hannu, ya rubuta shekara, tun ba a haife ni ba. Na hana a shafe wurin sai na ɗauki hoto. Bawan Allahn nan ya bar mana abin da ya yi, da shekarar da ya yi, da wanda za a tambaya. Rabin jadawalan da na gada a wurin aiki ba su da waɗannan ukun.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a aikin nan shi ne ɗan rubutun da ke ƙasan shafi, wai “an sabunta ranar kaza”. Kowa da shi yake yarda. Ni ma na taɓa faɗawa. Muna da jerin wuraren zubar da shara da lokutan buɗewarsu. Na ga kuskuren rubutu a sunan wata unguwa, harafi ɗaya, na gyara na sake ɗorawa. Nan take kwanan watan shafin ya koma na ranar, jadawalin ya fito tsaf kamar sabo, alhali lokutan da ke ciki tun na bazara ne, ba wanda ya duba su. Wani dattijo ya ciko motarsa da tarkace ya je ya tarar da ƙofa a garƙame. Da ƙorafin ya iso teburina ban nemi wanda zan ɗora wa ba, ni ce. Tun daga nan na ƙara gurbi biyu a duk jadawalin da ke hannuna: ranar da mutum ya duba da idonsa ya tabbatar, da kuma sashen da abin ke wuyansa. Muƙami nake rubutawa ba sunan mutum ba, don ma'aikaci yau yana nan gobe ya tafi.

Kuma kada ku ɗauka ƙananan ofisoshi kaɗai abin ke samu. A 2020, lokacin korona, mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga ƙididdigar Ingila a kan lokaci ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. Tsohon nau'in fayil na Excel aka yi amfani da shi, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika sai sauran suka zube a waje shiru. Shi ya sa ni kafin in ɗora komai sai na ƙirga layukan da suka shigo da waɗanda suka fita. Minti biyu ne.

Abin dariyar, gidan nan namu ma yana cikin bayanan gwamnati, kuma nasa sun kusa zama ƙarya. Gidan da za a sayar ko a ba da haya a nan sai da takardar da ke nuna yadda yake riƙe ɗumi da cin makamashi, daga A zuwa G, kuma kowa na iya dubawa a intanet. Shekara goma take aiki. Mun shimfiɗa abin tare sanyi a saman silin, mun canza tagogi, amma rajistar ba za ta motsa ba sai mun kira mai auna gida ya sake zuwa. Na ce da Abban yara a kira shi da an gama. Ya ce, “Ke dai a bari mu samu kicin tukuna.” Ban ja ba, amma na rubuta a jerin ayyukan da ke manne a jikin firiji, lamba ta goma sha huɗu.

To, ga shi yana kira daga sama, wai zai kashe wutar gidan gaba ɗaya na awa ɗaya, intanet ma za ta tafi ke nan. Batirin kwamfutar saura kaɗan, ga layuka kusan ɗari uku ban duba ba. Bari in adana abin da na yi kafin ya taɓa makunnin. Fensir ɗin kafinta na nan a aljihuna, akwai wurin da na ware a bayan inda kabad zai zauna, can zan rubuta wayoyin da aka canza da kwanan watan yau. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.