Laccar Agege: haɗa filtar maikiroskop da hannunka

Assalamu alaikum jama'a, na baya ku matso ku ga abin da ke hannuna. Wannan murfin faifan CD ne na yanka shi zagaye, na manna baƙin salatif a tsakiyarsa, shikenan. In ka leƙa ƙasan maikiroskop ɗinka, ƙarƙashin kondensa, wato gilashin da ke tattara hasken fitila zuwa kan abin da kake dubawa, akwai wani ɗan zobe da ake sa filta, yawanci faɗinsa milimita 32 ne amma dan Allah kowa ya auna nasa kafin ya yanka.

To me baƙin ɗigon nan yake yi? Hasken da zai tafi kai tsaye cikin lensi shi yake tarewa, sai na gefe kawai ya wuce a karkace, shi kuma ba zai shiga idonka ba sai ya bugi wani abu ya watse. Kun san yadda ƙura take ƙyalli in rana ta ratso taga cikin ɗaki mai duhu ko? To haka. Ku ɗebo ruwan kwata ko na lagun ku ɗiga, ƙwarin nan da a farin haske da ƙyar kake gane su saboda jikinsu garau yake, zaka gansu suna walƙiya a baƙin fili suna iyo, wallahi ni har yau abin yana taɓa min zuciya.

Inda samari suke karaya shine girman ɗigon. In yai ƙarami filin ba zai yi baƙi ba, toka-toka zai yi, in yai girma kuma komai ya mutu. Kuma kowane lensi da nasa, na 10x daban na 40x daban. Ka zare gilashin da kake sa ido, ka leƙa bututun, ka riƙa tsuke ƙofar hasken kondensa har gefenta ya fara bayyana, ka auna ramin ƙofar kondensar da rula sai ka yanka ɗigon ya ɗan fi shi kaɗan. Sannan ka buɗe ƙofar gaba ɗaya ka ɗaga kondensa sama, wannan shi ake yawan mantawa. Na 100x da ake ɗiga wa mai kam kar ku wahalar da kanku, salatif ba zai yi ba.

In ka cire baƙin ka sa shuɗiyar roba mai duhu a tsakiya, ja ko ruwan ɗorawa a zagaye, filin zai zama shuɗi ƙwaron kuma ja. Julius Rheinberg ne ya fito da wannan a Landan a 1896. Robar bangon fayil ta wadatar, sai dai in fitilarka halojin ce tana zafi, kar robar ta kusance ta.

Malam ka tambaya ko za a iya haɗa filta da mataccen sikirin. Eh, ka je Computer Village a Ikeja, masu gyara suna da fasassun sikirin na LCD, ka ɓare ledar nan mai duhu da ke manne a jikin gilashinsu, mai tace haske, guda biyu a hankali ka goge gam ɗin. Ɗaya kan fitila, ɗaya kan gilashin ido, ka juya ɗaya har fili yai duhu. Narka sukari ko bitamin C a ruwa ka bari ya bushe a silaid, wato ɗan gilashin da ake ɗora abin dubawa, kala zata fito iri-iri. Sitacin rogo ko dankali kowace ƙwaya zaka ga baƙin kuros a jikinta. Gishiri dai ba zai haska ba, ƙirar ƙwayarsa ce haka, kar ka ɗauka ledarka ce ta lalace.

Bari a miƙa murfin ya zagaya kowa ya taɓa, sai mu kunna na'urar.