Amsoshin Tambayoyinku: Wanda Ya Ba Da Labarin Kansa, A Yarda Da Shi?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu ɗaya, wato littattafan da mutum ke ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Na zaɓo huɗu.

Ta farko daga Gusau take. Wani malamin makaranta ne ya ce ya karanta littafin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda aka fassara da sunan Rayuwata, kuma har ya kai ƙarshe bai ji inda marubucin ya zauna ya tuhumi kansa ba. Shi ne yake tambaya, irin wannan littafi tarihi ne ko kirari?

To Malam, ai ba a tambayar mai tuwo ko miyarsa ta yi gishiri. Ka duba lokacin da littafin ya fito: 1962, da Turanci, daga maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta Ingila. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, mutumin yana kan kujerar Firimiyan Jihar Arewa, abokan hamayya na jiran ya yi tuntuɓe a Legas da Ibadan da ma cikin Kano. Wanda ke cikin wannan hali ba ikirarin laifi zai zauna yi ba, hujja zai kafa. Ni dai shaida nake ɗaukar littafin, irin wadda ake bayarwa gaban alƙali. Ana saurarenta da kyau, amma ba a yanke hukunci sai an ji ɗaya ɓangaren. Tunda a Gusau kake, ga gwaji a ƙofar gidanka. A garinku ya zauna bayan sarautar Sarkin Musulmi ta 1938 ta faɗa hannun Abubakar na Uku, kuma daga zaman nan ne maganar kuɗin jangali ta taso a 1943, aka same shi da laifi a Sakkwato, ya ɗaukaka ƙara Zariya aka wanke shi. Karanta yadda shi ya ratsa waɗannan shekaru, sannan ka nemi babban littafin da John Paden ya rubuta a kansa a 1986, ka jera su. Inda ɗaya ya yi sauri ɗaya ya tsaya, nan karatun yake.

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce ta aiko daga Damagaram, kuma da ɗan zafinta. Ta ce duk littafin da ta ɗauka, ko sarki ko minista ko janar. Mata da talakawa fa, su ba su rayu ba ne?

Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Akwai Baba ta Karo. Tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877, ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sarauta ba. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, wadda mijinta ke bincike a ƙasar Zazzau, ta yi ta ba ta labari da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, Baba kuwa ta rasu tun 1951, ba ta ko gan shi ba. Aure huɗu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'ya'yan riƙo. Ta faɗi yadda mahara ke kama mutane a sayar, har da danginta da sai da aka tara wuri aka fanso su. Ta faɗi rinjin gidansu da bayin da ke noma a ciki, da yadda suka watse bayan zuwan Turawa. Ba ta ɓoye cewa gidansu sun yi asara ba, ba ta kuma ɓoye cewa talakawa da yawa sun ji sanyi da aka daina kame ba. Wanda ke neman ƙuri'a ba zai haɗa maganganun nan biyu a baki ɗaya ba.

Nawa kwafin a ƙasa na tsince shi, wurin masu kasa tsofaffin littattafai a bakin titi, bangonsa ya rabu har sai da na ɗaure shi da zaren buhu. Wani hutu na je gida, na riƙa karanta wa goggona bayan sallar isha'i, ina mayar mata da shi Hausa. Tana tsinkar zogale a faranti, ba ta ko ɗaga kai. Da muka zo wajen ƙawance da kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa, sai ta ajiye farantin ta ce, "Wannan matar ta san abin da take faɗi. Amma wankan jego, mu a garinmu ba haka muke yi ba." Daga nan littafin ya rufu, ita ta karɓi zancen har dare ya raba. Abin da na ji a daren nan game da kakata, babu wanda ya taɓa gaya mini.

Sai dai ita ma Baba a yi mata adalcin da aka yi wa Sardauna. Baƙuwa ce ke tambaya, kuma abin da aka tambaye ka shi kake amsawa. Da wata tsohuwar ce ke zaune gefenta tana tambaya, da wani zancen za a ji.

Kuma Hajiya, ku mutanen Damagaram kuna da naku. Dorugu yaro ne daga ƙasarku da aka kama bawa, aka kai shi Barno, Turawa matafiya suka 'yanta shi. Ya bi Heinrich Barth yawace-yawacensa, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, har Landan a 1855. A can Ingila ya ba wani mai wa'azin Kirista, Schön, labarinsa da Hausa, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Kin ga ɗan talaka ya riga sarakuna da ministoci shiga littafi.

Ta uku gajera ce, daga wani ɗalibi a Kumasi mai son ya fara da abin da aka rubuta da Hausa tun asali. Ɗana, nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam. Yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo aka gayyace shi Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da ya haɗa da Nnamdi Azikiwe. Ba shi da kauri, Hausarsa kuma ba ta gajiyar da mutum.

Ta ƙarshe jika ne ya rubuta a madadin kakansa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kaduna. Ya ce tsohon yana son ya bar labarinsa, amma ido ya yi rauni, hannu yana rawa, kuma yana cewa shi wane ne da za a karanta shi.

Ka gaishe mana da Baba, ka ce masa Dorugu da Baba ta Karo da baki suka ba da labarinsu, ba da alƙalami ba. Kai ne za ka yi aikin. Ka ajiye waya kusa da shi tana naɗar murya, bayan la'asar in ya sha shayinsa. Kada ka ce masa "ba ni tarihinka", zai fara da nasiha ya ƙare da addu'a. Tambaye shi nawa ne albashinsa na farko da abin da ya saya da shi, wace tasha ce ta fi wahalar kwana, wa ya koya masa aikin, me ake ɗorawa a taragu lokacin kakar gyaɗa. In ya maimaita labari, ƙyale shi, na biyun yakan zo da abin da na farko ya manta. Kowane zama ka rubuta ranarsa, ka tura wa wani ɗan'uwa kwafi, don waya ba ta da amana.

Agogo ya cim mana. Sauran wasiƙun, har da ta mai tambaya kan littattafan yaƙin basasa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.