Amsoshin Tambayoyinku: Funfunar da ke Taimakon Saiwar Tuffa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Jihar Filato mai 'yan itatuwan tuffa a gonarsa. Ya ce: "Na ji an ce akwai funfunar da ke zama a saiwar tuffa tana ƙara mata lafiya. Mu dai da ɓarna muka san funfuna. Shin da gaske ne?"

Malam, da gaske ne. Masana na kiran wannan zama maikoraiza, sunan da wani Bajamushe masanin tsirrai, Albert Bernhard Frank, ya raɗa a 1885, wato funfunar saiwa.

Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Funfunar takan kutsa cikin ƙananan saiwoyi ta yi rassa a ciki, sannan ta miƙa zaruruwa cikin ƙasa, waɗanda suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Sinadarin fosfaras, wanda abinci ne ga tsiro, ba ya yawo a ƙasa. Da saiwa ta shanye na kusa da ita, saura sai an je an ɗauko. To, zaren nan ne ɗan aiken: yana ratsa 'yan kafofin da saiwa ba ta iya shiga, ya jawo fosfaras da ruwa. Ladansa kuwa sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana.

Amma don Allah a kula da wannan. Ido ba ya ganin funfunar mai amfani sai da madubin likita. In ka tona gindi ka tarar da fari-fari kamar auduga ya lulluɓe saiwa, ɓawonta yana ruɓewa, ganye yana yaushi, wannan cuta ce, maza ka nemi malamin gona.

Ita funfunar mai amfani ba sai ka saya ba, yawanci tana nan cikin ƙasarka. Abin da ke korar ta shi ne labta takin zamani mai fosfaras, domin itacen da ya ƙoshi ba ya marhabin da ita, sai kuma yawan kaftu mai zurfi da ke tsinka zaren. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, ka shuka wake ko masara tsakanin layuka, su ma da ita suke rayuwa. Kabeji, da ake nomawa sosai a wajenku, ba ya hulɗa da ita sam.