Sito Ɗaya, Ƙofofi Da Yawa: Yadda Tsarin Hedles Ke Aiki Ga Masu Sayar Da Kaya Ta Intanet

Assalamu alaikum, 'yan kasuwa da masu haɗa manhaja.

Mu ɗauki mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna. Yana da shago, yana da shafin intanet, yana ɗora kaya a Instagram, kwastomominsa na Barnawa da Malali kuma ta WhatsApp suke oda. Wani zane ya rage turmi ɗaya. Da hantsi aka sayar da shi a shago, kafin azahar wata Hajiya a Zariya ta biya kuɗinsa ta intanet, domin shafin bai san an sayar ba. Kowace ƙofa da nata lissafin, shi ya jawo haka.

A tsarin da aka saba, na manhajojin buɗe shago a intanet irin WooCommerce a kan WordPress ko Shopify da zanensa na asali, fuskar shafin da injin da ke lissafi a haɗe suke. Tsarin hedles raba su yake yi gida biyu. Baya shi ne sito: sunan kaya, farashi, adadin da ya rage, kwandon mai saye, ragi, kuɗin kai kaya da rajistar oda, duk can suke. Gaba kuwa gaban shago ne, abin da mai saye ke gani, kuma kana iya buɗe shi nawa kake so: shafin intanet, manhajar waya, na'urar da ke kan kanta, har da mai amsa saƙo a WhatsApp. Mai kai-komo tsakaninsu shi ne API. Gaba ya tambaya, baya ya amsa da bayanai zalla, babu launi babu ado.

Wajen zaɓen baya, Shopify na da Storefront API, WooCommerce na da nasa, akwai kuma Medusa da Saleor waɗanda manhajarsu kyauta ce amma kai za ka nemi sabar, wato kwamfutar da ke riƙe manhaja a intanet, ka kula da ita. Manyan kamfanoni kan ɗauki commercetools na ƙasar Jamus. Gaba yawanci da Next.js ake gina shi, ko Hydrogen ga masu Shopify. Tambayar da gaba ke yi wa baya kuma da salonta, ko ta REST ko ta GraphQL, wanda Facebook ya fitar a 2015. Amfanin GraphQL ga mai ƙaramar data shi ne, idan suna da farashi da hoto ɗaya kawai kake so, su kaɗai za a turo maka.

Yanzu mu bi ciniki ɗaya daga farko, domin a nan aikin yake.

Mai saye ta buɗe shafin zane. Hoto da bayaninsa suna iya fitowa daga kwafin da aka ajiye a sabar da ke kusa da ita, shi ya sa yake buɗewa da sauri. Amma adadin da ya rage, wannan a tambayi baya kai tsaye. Ta danna ta sa a kwando. Abu biyu kacal gaba zai tura: lambar kayan da adadin da take so. Kada ya tura farashi. Duk abin da ke cikin burauzar mutum, wato manhajar da yake buɗe shafi da ita, yana iya sauya shi, kuma wanda ya san hanya zai mayar da turmin Naira 18,500 ya koma Naira 185 cikin minti ɗaya. Baya ne zai duba farashinsa, ya ƙara kuɗin kai kaya, na Kawo daban na Zariya daban, ya fitar da jimla.

Da ta zo biya, baya ya riƙe mata kayan na ɗan lokaci, kamar minti 10 zuwa 15. In ta biya, ya zama nata. In lokacin ya cika ba ta biya ba, ya koma kasuwa. Wanda bai yi wannan riƙon ba, ranar jajibirin Sallah zai ga mutum uku sun biya abu guda.

Biyan kansa yana da tarko uku. Na farko, Paystack, kamfanin da ke karɓar biya ta intanet, da kobo yake lissafi, don haka Naira 18,500 ana tura masa 1,850,000. An manta an tura 18,500, Naira 185 za a cira. Na biyu, makulli biyu yake bayarwa: mai farawa da pk na fili ne, yana iya zama a gaba, mai farawa da sk na sirri ne, wurinsa sabar kawai. Idan ya shiga cikin manhajar gaba, duk wanda ya leƙa zai gan shi, kuma sai an sauya shi nan take.

Na uku ya fi su cin mutane. Bayan an biya, burauza kan dawo ta ce an yi nasara. Kada ku saki kaya a kan wannan maganar, kamar yadda ba ku saki a kan hoton alat. Sabis na iya ɗaukewa kafin ta dawo, kuɗi sun fita amma oda ba ta shiga ba, wani kuma yana iya ƙirƙirar shafin nasarar da kansa. Abin dogaro shi ne saƙon da sabar Paystack ke turo wa taku sabar, wato webhuk. Ku duba sa hannun da ke jikinsa da makullinku na sirri, ku tabbatar kuɗin da aka biya sun yi daidai da na oda, sannan ku amsa wa Paystack da lamba 200, alamar cewa saƙon ya iso. In bai ji amsa ba zai sake turowa, saboda haka saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu. Ku ajiye lambar kowane biya, idan ta maimaitu a ƙyale ta. In ba haka ba, yaron shago zai ɗaure kaya biyu ya kai tasha a kan kuɗi ɗaya.

Sai maganar kwafin ajiya. An ƙara farashi a baya, shafi na nuna na jiya, mai saye ta zo biya ta ga ƙari, ta ɗauka cuta ce. Maganinsa, duk sanda aka sauya kaya, baya ya sanar da gaba ya sake gina shafin wannan kayan kaɗai.

Akwai wani kuskuren da ke taɓa ciniki kai tsaye a Kaduna, inda ake yawan yin talla a WhatsApp. Idan shafi sai JavaScript, wato umarnin da burauza ke bi, ya gama aiki a waya kafin komai ya bayyana, adireshin da aka tura wa kwastoma zai fito babu hoto babu suna, domin WhatsApp ba ya jiran wannan aikin. A gina shafin tun daga sabar, da suna da hoto a jikinsa. Google ma ya fi saurin karanta irin wannan, kuma ma'auninsa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hoton shadda mai megabait 4 kai tsaye daga kyamara ba zai cika wannan ba a wayar mai sabis rabi-rabi. A rage girmansa, a mayar da shi WebP, nau'in hoto marar nauyi.

To, wa ya kamata ya shiga? Ba kowa ba, kuma duk wanda ya ce maka kowa, aiki yake nema. Abu biyu za ka riƙa kula da su maimakon ɗaya, sabar da yawa da dala ake biyan su, kuma fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi, wanda a da dannawa ɗaya ke girka shi, irin na ra'ayin kwastoma ko katin ragi, yanzu sai injiniya ya rubuta masa fuska. Mai kaya kala hamsin da shafi ɗaya, zanen da aka saba ya ishe shi, ya sa kuɗin a jari. Wanda ke da reshe biyu ko uku, da manhajar waya, da farashin sari daban da na ɗai-ɗai, shi ne zai ci ribar rabuwar.

Idan ka yanke za ka yi, kada ka rushe tsohon shafi rana ɗaya. Fara da shafukan kaya, ka bar wurin biya yadda yake, ka kuma sa kowane tsohon adireshi ya riƙa kai mutum sabonsa. Kafin ka biya injiniya cikon kuɗinsa, ku zauna da waya biyu, ku mayar da wani kaya saura ɗaya, ku danna biya a tare. Sannan a maimaita, a kashe data a tsakiyar biyan, a duba ko oda ta shiga sau ɗaya.