Hidimar Sa Kai Ga Yaran Unguwannin Marasa Galihu A Ƙasashen Waje

Shugabannin ikilisiya, iyayenmu maza da mata, da ku matasa da kuka halarci wannan zama, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. An nemi in yi magana a kan aikin sa kai tare da ƙungiyoyin Kirista masu hidima ga yara a unguwannin talakawa na manyan biranen ƙasashen waje, domin da yawa daga cikinku sun nuna sha'awar tafiya. Sha'awar tana da kyau, kuma ba na so ta mutu. Abin da nake so shi ne duk wanda zai tafi ya san cewa shi baƙo ne mai wucewa, yaron kuwa yana nan bayan tafiyarsa, saboda haka amfanin zuwansa ya dogara ne a kan yadda ya ƙarfafa mutanen da za su ci gaba da zama tare da yaron.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a ta ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan 1 ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni, inda babu isasshen ruwan sha, babu magudanar ruwa, kuma mazaunan ba su da takardar mallakar wurin da suke kwana. Kun ji sunan Kibera da Mathare a Nairobi, da Tondo a Manila, da Rocinha a Rio de Janeiro, da Manshiyat Nasir a Alƙahira, inda iyalai ke rayuwa ta hanyar tattara sharar birni suna tsince abin da za a sake sarrafawa. A watan Yulin 2000, tsaunin shara na Payatas da ke kusa da Manila ya zabtare a kan gidajen da ke gindinsa, ya hallaka fiye da mutum 200. Irin wuraren da ake kiran ku ke nan.

Wannan hidima ba sabuwa ba ce. Makarantar Lahadi da muka taso a cikinta ta bunƙasa ne a garin Gloucester na Ingila wajen 1780, lokacin da Robert Raikes ya tattara yaran da ke aiki kwana shida a mako ya sa ana koya musu karatu ranar Lahadi. Ƙungiyar Compassion International ta faro ne a 1952, bayan da Everett Swanson ya ga halin da marayun yaƙin Koriya suke ciki. A 1980 kuma Bill Wilson, wanda shi kansa mahaifiyarsa ta bar shi a bakin titi yana ɗan shekara 12, ya kafa hidimar da ake kira Metro World Child a Brooklyn ta birnin New York, wadda ke kai makarantar Lahadi har bakin titi ta kuma riƙa ziyartar yaran a gidajensu mako-mako.

Wannan ziyara ta mako-mako ita ce nake so ku riƙe. Yaron da ya taso a cikin matsi ya saba da manya masu alkawari su ɓace, ya saba da mai gida ya kore su, ya saba da makaranta ta sallame shi saboda kuɗi. Abin da ya fi ƙaranci a rayuwarsa shi ne babban mutum wanda zai zo yau, ya zo mako mai zuwa, ya san sunansa da sunan mahaifiyarsa, ya lura idan ya rame. Sista Emmanuelle ta koma cikin masu tattara shara na Alƙahira a 1971, tana da shekara fiye da 60, ta zauna tare da su kimanin shekara 20. Maggie Gobran, 'yar Masar, ta bar koyarwa a jami'a ta kafa ƙungiyar Stephen's Children a 1989, kuma ma'aikatanta 'yan ƙasa ne masu shiga gida-gida. Mai sa kai na mako uku ko wata shida ba zai iya zama irin waɗannan ba, amma zai iya sauƙaƙa wa irinsu aiki: ya riƙe lissafin kuɗi, ya gyara rufin aji, ya koya wa malamai amfani da kwamfuta, ya wanke tukwane domin malamar da yaran suka sani ta sami lokacin zama da su. A ganina wannan ya fi daraja nesa ba kusa ba a kan tsayawa gaban yara ana ɗaukar hoto.

Dole ne kuma in faɗa muku inda kyakkyawar niyya ta jawo ɓarna. A Kambodiya, adadin gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, alhali yawancin yaran da ke cikinsu suna da aƙalla uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da iyayensu, kuma kuɗin baƙi masu ziyara ne ya sa buɗe gidan marayu ya zama sana'a ga wasu. Abin ya kai har Ostareliya ta amince a 2018 cewa safarar yara zuwa gidajen marayu nau'i ne na bautar zamani. Ko a gidan da ake riƙe da amana, yaron da ya shaƙu da baƙo yau, baƙon ya tafi gobe, wani ya zo jibi, zuciyarsa tana karaya sau da yawa har ya daina yarda da kowa. Don haka ku fifita hidimar da ke tallafa wa yaro yana cikin danginsa, ta hanyar kuɗin makaranta da abinci da asibiti da sana'a ga uwarsa.

Kafin ku amsa kiran kowace ƙungiya, ku tambayi wanda ke jagorantar aikin a unguwar, ko ɗan wurin ne, da kuma ikilisiyar da take aiki tare da ita. Ku nemi rubutacciyar dokarta ta kare yara. Ƙungiyar da ba ta nemi shaidar 'yan sanda a kan halinku ba, wadda ta bar baƙo ya kaɗaita da yaro, ko ta bar kowa ya watsa hotunan yara a Facebook ba da yardar iyayensu ba, ku guje ta ko da wa'azinta ya burge ku. Ku bincika irin bizar da ake bukata, domin a wasu ƙasashe bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aikin sa kai.

Game da bishara, 'yan'uwa, mun san cewa Ubangijinmu ya tsawata wa almajiransa sa'ad da suka hana yara zuwa wurinsa. Wannan ba ya ba mu izinin mayar da kwanon abinci farashin bangaskiya. Yaro mai yunwa zai amsa duk abin da aka ce ya amsa, kuma iyayensa, waɗanda wasunsu ba Kirista ba ne, suna da haƙƙin sanin abin da ake koya wa ɗansu. A ciyar da kowa ba sharaɗi, a faɗi bisharar a fili da sanin iyaye.

Wanda ya tabbata zai tafi, ya fara koyon harshen wurin tun yanzu, ko Suwahili ne ko Tagalog ko Fotugis ko Larabcin Masar, ya kuma zauna da fastonsa su kwatanta kuɗin jirginsa da albashin malami ɗan unguwar na shekara guda, domin wani lokaci amsar da za ta fito ita ce a aika kuɗin, wani lokaci kuma ita ce a je a daɗe. A nan zan dakata domin in saurari tambayoyinku.